Maigidana ya ƙwallafa rai a kan gidan, ƙanena ya ce ginin ba ƙwari

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Samaru, maigidana ma'aikaci ne, 'ya'yanmu huɗu. Tun da muka yi aure a gidan haya muke, kuma kusan duk shekara sai an yi mana ƙari. Kwanakin baya wani kamfani ya fara gina rukunin gidaje a bayan gari, irin benayen nan da ake jerawa, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci: falo da kicin a ƙasa, ɗaki uku a sama. Za a ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran a biya cikin shekara 2. Maigidana ya ƙwallafa rai a kai. Kuɗinsa ba za su kai ba, shi ne na ce zan sayar da gonar da na gada wajen mahaifinmu in cika.

Na roƙi ƙanena da ya karanta zanen gine-gine a jami'ar ABU ta Zariya ya raka mu. A gaban maigidana da wakilin kamfanin ya murtsuke gefen wani bulo da hannu, ya ce tagogin ƙanana ne, ba tsakar gida, bangon tsakani siriri ne. Ya ce araha ba ta ado, mu koma wani rukunin da ke kusa, wanda kuɗinsa ya ɗara wannan da kusan rabi. Maigidana ya fusata, ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma yaron da bai taɓa biyan haya ba ba zai koya masa sayen gida ba. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Kamfani ya ce saura gida kaɗan. Ga surukata tana fama da ciwon gwiwa, kuma nan gaba wurinmu za ta dawo. Ni kaina gidan bai gama kwanta mini ba, amma wallahi na gaji da haya. Yaya zan yi?

Maman yara, Samaru

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bar muku.

Kafin komai, kada ki sa gonar nan a kasuwa a wannan watan. "Saura gida kaɗan" magana ce da ke bakin kowane mai sayarwa. Mai yiwuwa gaskiya ce, amma ko da wannan rukunin ya ƙare, gini ake ta yi a hanyar Shika, Basawa, Dakace da sauran gefen gari. Gonar gado kuwa in ta bar hannu, da wuya ta dawo a kuɗin da aka sayar da ita. Mako uku ko huɗu na bincike ba zai cuce ku ba.

Na fahimci maigidanki ƙwarai. Mutumin da ya shekara da shekaru yana fargabar saƙon mai gidan haya, wanda ko ƙusa zai kafa a bango sai ya yi tunani, in ya hango ƙofar da za ta zama tasa, hutu yake hangowa da mutuncin magidanci. Shi ya nemo gidan, shi ya kwana yana lissafi, sai ga ƙanen matarsa ya rushe masa komai a gaban baƙo. Yawancin fushinsa daga nan yake. Ina kyautata zaton da a keɓe aka nuna masa bulon, da shi ne zai fara ɗaga wa kamfanin murya.

Ƙanenki ma ba ƙeta ta sa shi ba. Sashen da ya yi karatu shi ne mafi daɗewa a fannin a duk Najeriya, kuma wanda ya fito daga can idonsa ya riga ya buɗe, ba zai ga 'yar'uwarsa za ta zuba gadonta a abin da bai yarda da shi ba ya yi shiru. Sai dai ya yi garaje a wajen faɗa, kuma ya tattara matsaloli masu nauyi daban-daban ya zuba a buhu ɗaya. Ya kuma nuna muku rukuni mai tsada kamar tsadar ce shaidar inganci. Ba haka abin yake ba. Akwai gidajen da tayil mai sheƙi da silin mai fitilu suka ɗaga kuɗinsu, alhali bulon da ke bayan filasta daga injin guda ya fito da na gidan araha.

Abin da nake so ki riƙe shi ne tambaya ɗaya, ki yi ta a kan duk aibin da aka nuna miki: wannan zai gyaru bayan mun shiga, ko ba zai gyaru ba? Fenti mai kwailewa, ƙofar da ba ta da nauyi, tayil maras kyau, kan famfo mai ɗiga, kicin ba kabad, duk waɗannan za ku canza su a hankali, albashi bayan albashi, kuma ba abin kunya ba ne a shiga gida da daɓen siminti. Harsashi, rodi, kankare, bangon da ya haɗa ku da maƙwabci, inda gidan ya fuskanta, da tsayin daɓensa a kan titi, waɗannan yadda aka miƙa muku su haka za su zauna. A gidan jere abin ya fi tsanani, domin ko kuna da kuɗin gyara, bangonku na wani ne, rufinku a haɗe yake da nasa, ba ku da ikon fasawa ku kaɗai.

Shi kansa jera gidajen ba ha'inci ba ne, kada ƙanenki ya sa ki raina shi. Filin da zai ɗauki gida ɗaya mai katanga sai ya ɗauki biyu ko uku, bango ɗaya ya yi wa gida biyu aiki, titi da kwata da bututun ruwa su gajarta. Ta nan araha ta halal take fitowa, kuma ta nan ne mai albashi irinku zai iya samun gida kusa da gari. Matsalar ita ce tun 2023, da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, siminti da rodi da kuɗin dako suka yi tashin gwauron zabi. Maginin da ya riga ya yanka farashi, in kaya suka matse shi, ko dai ya rage kwalliya ya faɗa wa mai saye gaskiya, ko kuma ya rage siminti ya rufe da filasta. Aikinku shi ne ku gano wacce hanya wannan kamfanin ya bi.

Bulon da ya murtsuke a hannun ƙanenki alama ce da ba za a yi wasa da ita ba. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata ya fitar da bulo mai inci 9 kamar 30, wasu sai su matsa masa ya fitar da 45 ko 50, kuma maimakon a yi ta ba shi ruwa na kwanaki ya yi ƙwari, sai a kwashe shi ɗanye a kai wajen gini. Duk da haka bulo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. A bene, nauyin yana kan ginshiƙai da dakin (wato kankaren da ake zubawa tsakanin ƙasa da sama), kuma wanda zai ce suna da ƙarfi ko babu shi ne injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Ƙanenki ya san iska da haske da tsarin ɗakuna, amma ƙarfin kankare fannin wani ne. Ku ɗauki injiniya naku, wanda ba kamfanin ya kawo ba. Zai nemi zanen rodi mai hatimi ya kwatanta da abin da ke ƙasa, akwai na'urar da ake dannawa jikin kankare ta nuna ƙwarinsa, kuma ana iya ɗaukar bulo uku ko huɗu a kai ɗakin gwaji a matse su a ga nauyin da suke ɗauka. A Zariya, ga jami'a ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, samun wanda ya san wannan aiki ba wuya. In kuɗinsa ya yi muku yawa, ku nemi mutum uku ko huɗu da suke shirin saye ku haɗa.

Akwai kuma abin da ku da kanku za ku iya gani. Ku bar gidan da aka ƙawata don nuna wa masu saye, ku nufi layin da ba a yi wa filasta ba. Ki tsaya a ƙarƙashin dakin ki ɗaga kai. In kin ga kankaren ya yi ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a fili, rodi ya leƙo yana tsatsa, to ba a cakuɗa shi da kyau ba ko ba a girgiza shi ya zauna ba. Ki tambayi leburori, ba wakilin kamfani ba, kwana nawa ake barin katakon da ya tokare dakin kafin a cire, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Sannan ku yi wannan gwajin, ke da maigidanki ku biyu: ya shiga ɗakin kwanan gidan da ke manne da wanda kuke so, ke ki tsaya a naku, a rufe ƙofofi, ya yi magana da muryarsa ta kullum. In kina jin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, ki san haka maƙwabta za su riƙa jin sirrin aurenku. Bangon tsakani ya kamata ya zama na inci 9, ba na inci 6 ba. A samo tsani da tocila kuma a leƙa cikin silin, a ga ko bangon ya hau har ya taɓo kwano. In a silin ya tsaya, to saman gidajen duk a buɗe yake, hanya ce ga ɓera, ga ɓarawo, ga gobara in ta tashi a gida ɗaya, Allah Ya kiyaye.

Maganar tagogi da ƙanenki ya yi, a nan na fi ba shi gaskiya. Kin san zafin Maris da Afrilu a garin nan, kin kuma san halin wutar lantarki. Gidan da ke tsakiyar layi ta gaba da ta baya kawai yake shaƙar iska, saboda haka dole tagar gaba ta samu 'yar'uwarta a baya da iska za ta bi ta fice, kuma yana da kyau a bar wata 'yar taga a can saman matakala inda zafi ke taruwa. Ku je da ƙarfe uku na rana ku hau sama ku zauna minti goma a ɗakin yara. Jikinki zai gaya miki abin da takardar talla ba za ta faɗa ba. Ki lura da ɗakin da ya kalli yamma, shi ne ke kwana da zafi. Ki duba rufin kuma. Salon da ake yayi yanzu na ɗaga bango ya ɓoye kwano yana da kyau a hoto, amma ya bar jikin gida ba inuwa, ruwa kuma yana bin wata ɓoyayyar kwata da in ganye ya toshe ta sai ya huce a silin. Garin da ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, yana son rufi mai baki da ya zarce bango. In damina ta same ku kuna cikin bincike, ku je washegarin ruwa mai ƙarfi ku ga inda ya kwanta. In da rani ne, manoman da ke kewaye da filin sun san ko fadama ce aka cike.

Ba kuɗi ne kaɗai ke kawo kyakkyawan gini ba, kuma mu a Zazzau bai kamata a tuna mana wannan ba. Masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka yi shi, har yau masu nazarin gini suna zuwa kallon bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Gidajen iyayenmu na cikin ganuwa ma haka: bango mai kauri da ke riƙe sanyi, zaure da ke tare baƙo, tsakar gida da mace ke sakewa. Sanin yanayi da sanin yadda mutane ke rayuwa ne ya gina su. Don haka rashin tsakar gida da ƙanenki ya ambata ba tsirfa ba ce. Ki tambayi kanki a ina za ki yi wanki da shanya, a ina za ki hura gawayi ranar da gas ya ƙare, a ina za a ɗaure ragon layya, a ina mata za su zauna ranar suna. Gidan jere mai hankali yana barin fili a baya, ko taku biyar ne, da katanga mai tsayi. In akwai shi, rabin damuwarki ta kau. In ƙofar waje tana buɗewa kai tsaye cikin falo har baƙo ya hango kicin, ɗan shinge a bakin ƙofa zai yi aikin zaure, wannan mai gyaruwa ne. Amma in bangon baya ya manne da na wani layin, ba fili ko kaɗan, to da yara huɗu za ki ƙuntata, kuma ba ranar da wannan zai canza.

Batun Hajiya surukarki ki ɗora shi a gaba, domin shi ne wanda maigidanki zai fi saurara. Mai ciwon gwiwa ba za ta riƙa hawa bene sau biyar a rana ba. Tana buƙatar ɗaki da banɗaki a ƙasa. Tun da ana kan gini, ku tambaya ko za a iya yanke wani ɓangare na falo, a kuma ja bututun banɗaki tun kafin a yi daɓe. In faɗin gidan ba zai ba da haka ba, wannan kaɗai ya isa dalilin neman wani.

Ruwa kuma, tun da Zariya ce, kada ku karɓi "za a yi". Ku ga rijiyar burtsatsen da idonku, ku ga tazararta da sokawe, ana so ta kai mita 30, ku kuma ji wa zai riƙa gyara ta da kwata da titi bayan kamfani ya tattara ya tafi, da nawa kowane gida zai riƙa bayarwa.

Yanzu takardu. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Lauyanku, ba na kamfani ba, ya je ya tabbatar filin na wanda yake sayarwa ne, ba a jinginar da shi a banki ba, kuma zanen da aka amince da shi shi ne ake ginawa. An sha yin rusau a jihar nan, kuma mai saye ne ke kwana a ciki. A rubuta a yarjejeniya irin takardar mallakar da za ku samu da sunanku, da ranar miƙa makulli, da cewa farashi ba zai tashi a tsakiyar biya ba, da yadda za a maido muku kuɗi in aiki ya tsaya. Ku nemi biyan ya riƙa bin matakin gini, kuma ku riƙe wani ɗan kaso sai gidan ya ga damina ɗaya. In ana cire wa maigidanki kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, yana da damar neman rance a can, sai dai da ruwa a kai. Ku tambayi malamai, ku kuma leƙa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ku ji tsarinsu.

Malama, ga wadda ban so ki tsallake don kunya. Gonar nan dukiyarki ce, shari'a ta ba ki ita ke kaɗai. Taimakon miji da ita alheri ne babba, amma a fayyace tun yanzu: kyauta ce, bashi ne, ko tarayya? In bashi ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta, a kafa shaidu. In tarayya ce, sunanki ya shiga takardar gida da gwargwadon kasonki. Wannan ba zargin maigidanki ba ne. Rai na hannun Allah, kuma ranar rabon gado abin da ke rubuce ake dubawa, sai ki ga kuɗin gonar mahaifinki sun narke cikin rabon wasu. Ki duba kuma ko sayar da rabi zai wadatar, ki fara yi wa 'yan'uwanki tayi kafin bare.

In injiniya ya ce ƙashin ginin lafiya, takardu sun fito tsaf, akwai fili a baya da wurin Hajiya a ƙasa, ra'ayina ku saya, kada ku miƙa wuya ga rukuni mai tsada da bashin da zai ci kuɗin makarantar yara. Ku nemi gidan ƙarshen layi wanda gefensa bai kalli yamma ba, yana samun taga ta fuska uku. Ku kuma tambaya ko za su ba ku shi ba tayil ba fenti a rage kuɗi, ku ƙarasa da hannunku. In kuwa kankare ko takarda ta gaza, ko kamfanin ya hana injiniyanku shiga, ku janye ko da an yi muku rangwame. Daga nan sai ku tambayi ɗaya rukunin nawa za su sayar da gini tsurarsa, a yi masa irin wannan binciken, ko ku sayi fili ku riƙa ɗora bulo a hankali yadda akasarin mutanen garin nan suka mallaki gida. Wannan hanyar tana da nata nauyin, haya da gini a lokaci guda, kuma tana son mai tsayawa a kan magina.

Ki fara da ƙanenki. Ki gode masa, sannan ki gaya masa a matsayinki na yaya cewa ya ɓata wa babba rai a gaban mutane, ya zo gida ya gaishe shi ya ba shi haƙuri. Shi kuma maigida, ki same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, kada ki ɗauko da "ƙanena ya ce". Ki nuna masa kina son gidan nan ya tabbata, ki kawo maganar gwiwar Hajiya da ta jin murya ta bango, ki roƙe shi shi da kansa ya zaɓo injiniya da lauya. In sun shirya, a ba ƙanen naki aikin da ya iya: ya zauna da zanen gidan ya nuna inda za a faɗaɗa taga da inda ɗakin Hajiya zai shiga, maigida ya kai wa kamfanin tun ba a kai linta a layinku ba. Ku yi istihara ku biyun kafin a sa hannu. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri, Ya ba Hajiya lafiya.